Zaɓen Tsangayar Injiniya da Hanyar Nuna Sha'awa

Duk shekara dubban ɗaliban sakandare a Nijeriya sukan cike takardar JAMB da burin karanta aikin injiniya, amma da yawa daga cikinsu sunan jami'a kaɗai suke dubawa. Alhali kuwa akwai abin da ya fi suna nauyi, wato ko hukuma ta amince da ainihin fannin da ɗalibi yake nema.

Hukumomi biyu ne ke wannan tantancewa: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, da kuma COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don kula da sana'ar injiniya. Ba jami'a ɗungurungum suke aunawa ba, fanni-fanni suke bi, suna duba ɗakunan gwaji da injuna da yawan malamai. Saboda haka jami'a tana iya samun amincewa a fannin gine-gine da hanyoyi, ta rasa a fannin lantarki. Wanda ya shafe shekara 5 a fannin da COREN ba ta amince da shi ba zai sha wuya wajen rajista, ga shi kuma doka ba ta san injiniyan da ba shi da rajista ba. Tun 2023, lokacin da COREN ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washinton, darajar amincewarta ta ƙaru har a ƙasashen waje.

Tsohuwar tsangaya kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta jami'ar fasaha kamar ta Minna, duk ma'auni ɗaya ake yi musu. Ya kyautu malami ya taimaki ɗalibansa su bincika kafin su cike takarda, su kuma tambayi 'yan aji huɗu inda suke zuwa koyon aiki na wata shida a masana'antu.

To, yaya ɗalibi zai nuna wa jami'a cewa da gaske yake? A Amurka wasu kwalejoji sukan rubuta sunan duk wanda ya ziyarce su ko ya aiko da tambaya, su yi la'akari da hakan wajen ɗauka, ko da yake mashahuriyar MIT ba ta yin haka. A Nijeriya ziyara ba ta ƙara maki. Abin da ke magana shi ne sanya jami'ar a zaɓi na farko, domin jami'o'in da ake rububinsu ba safai suke waiwayar zaɓi na biyu ba. Sai haɗa darussan da suka dace, wato Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri, da yin rajistar tantancewar jami'ar a kan lokaci.

Saura mataki guda da wasu kan yi sakaci da shi. Tun 2017 JAMB ke bayar da gurbi ta tsarin intanet mai suna CAPS, kuma dole ɗalibi ya shiga da kansa ya karɓa. Gurbin da aka bari ba a karɓa ba, ana iya miƙa shi ga wani.