Garantin Sabuwar Mota: Littafin Sabis Ne Shaida

Ga ɗan kasuwar Shagari Low Cost a Yola da ya sayi sabuwar mota dal, garanti alkawari ne mai sharaɗi. Kamfanoni da dama kan ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Garantin ya shafi illar da ta taso daga masana'anta, ban da taya, takalmin birki da juyen mai. Wanda ya kai motarsa wurin bakanike a Jimeta, babu hatimin dila a littafin sabis, yana iya rasa haƙƙinsa ranar da inji ya buga. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba shi damar kai ƙara hukumar FCCPC, amma rasit da littafin nan su ne hujjarsa.