Riƙon ƙungiyar al'adu sai mai hali irin na uwar adashe

Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Dakoro ya san Sabon Maci da kasuwarta: buhunan hatsi da wake, tumaki da awaki, ga dillalai, ga iyayenmu mata masu tuya. Amma idan kasuwa ta watse akwai wata hada-hadar da ba a cika zancenta ba, wato ta samari da ƴan mata masu wasan kwaikwayo, da makaɗa, da ƴan kokowa. Sau da yawa irinsu kan zo mana gidan rediyo da takardar sanarwa, an kafa ƙungiyar raya al'adu, an zaɓi shugaba. Mu karanta, mu yi musu fatan alheri. Bayan damina biyu in muka tambaya, sai a ce ai ta watse.

Ba rashin gwaninta ke kashe su ba. A ganinmu tun ranar zaɓe ake yin kuskuren. Wanda ya fi kowa murya, ko ya fi iya ba da dariya, shi ake ɗorawa a gaba, alhali gwanin fage daban, mai riƙon jama'a daban.

Dattawa za su tuna lokacin samariya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ita, kowane gari da sarkin samarinsa. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, jihohi suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A zamanin nan gwamnati ce uwa, ita ce uba, mota tata, abinci nata. Da aka shiga siyasar jam'iyyu bayan taron ƙasa na 1991, samariya ta yi sanyi. Gine-gine sun rage, kamar gidan matasa da al'adu na Bawa Ɗan Wardanga a Maradi, amma ƙungiyar ƙauye ta koma cin gashin kanta. Ba riba take nema ba, kuma ba mai yi mata albashi.

To, a wannan shekara ta 1991 ne kuma, a nan jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Da yawa cikin masu karatunmu sun san shi ciki da waje. Ana zubi a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a kulle akwati, mabuɗai kuma ba a hannun mace ɗaya suke ba. Mata da yawa ba su shiga lakkal ba, amma dala ɗaya ba ta ɓacewa. Wannan shi ne ilimin farko da shugaban ƙungiyar al'adu ke bukata, kuma shi ne wanda aka fi rasawa.

Mun san wata ƙungiya, ba za mu kama suna ba, da wani alhaji ya saya wa lasifika da injin wuta. Shugaban ya kai su gidansa don ajiya. Sannu a hankali sai ga su a gidan biki ana hayarsu jika 5 kowane dare, kuɗin kuma ba wanda ya ga inda suka shiga. Mutumin ba ɓarawo ba ne, shi a ransa ladan wahalarsa yake ci. Amma ranar da yaran suka gane, ba su yi faɗa ba, daina zuwa kawai suka yi. Da akwai littafi da ma'aji na daban, da yanzu suna nan.

Sai haƙuri. Masu fasaha mutane ne masu zuciya, kuma kyauta suke aiki, ba yaran shago ba ne balle a ce za a kore su. Makaɗi ya yi fushi don an kira sunan wani kafin nasa. Uba ya hana ƴarsa zuwa gwaji don ana kaiwa dare. A nan shugaba zai ɗauki ƙafa ya je zaure, ya gai da maigida, ya yarda a tashi kafin magariba, kuma ya cika alkawari. Dole ya san mai gari da limami, kada su ji labarin wasa a bakin yara. Dole ya san lokaci: ba a kiran taro ana tsakar noma, kuma da kaka ta wuce rabin samarin sun tafi cin rani. Wanda bai tanadi masu maye gurbi ba, a watan bazara zai tarar da fage ba kowa.

Akwai kuma tarkon ƴan siyasa. Kuɗinsu na da sauri, amma ƙungiyar da ta zama ta jam'iyya ɗaya ta rasa rabin gari. Kujera kuma ba ta dawwama: majalisun ƙananan hukumomi da aka fara zaɓa a 2004, an rushe su a watan Afrilun 2024. Duk wanda ya jingina da mutum ɗaya a can ya ga yadda ta kaya.

Shi ya sa muke cewa ku ƴan kasuwa kuna da ta cewa, tunda wurinku ake zuwa neman gudummawa, wannan ta ba da tiya ɗaya ta gero, wancan ya ba da jika 2. Kafin ku kwance bakin zane, ku tambaya: wa ke riƙe da kuɗin? Yaushe aka karanta lissafi a gaban jama'a? Kayan da aka saya bara suna ina? In an gayyaci ɗayarku ta zama ma'ajiya, kada ta ce ita ba ta iya rawa ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta riƙe mabuɗi ɗaya, ta kuma zo ranar ƙirga.