Labaran Waliyyai a Matsayin Hujja: Misalin Baftismar Niyya a Ɗariƙar Katolika

1. Gabatarwa

Baftismar niyya (baptême de désir) ita ce koyarwar Ikilisiyar Katolika cewa wanda ya ƙudurci a yi masa baftisma, ajali ya riske shi kafin a zuba masa ruwa, yana iya samun ceto. Masu yarda da masu musu duka sukan kafa hujja da labaran waliyyai. Tambayarmu a nan ita ce: mene ne irin wannan labari yake iya tabbatarwa?

2. Misalai uku

A 392 sarkin Roma Valentinien II ya rasu a Vienne ba baftisma, bayan ya aika Ambroise, bishop na Milan, ya zo ya yi masa. Ambroise ya ce niyyar ta wadatar. Shaida ce ta wanda ya san mamacin, amma jawabin ta'aziyya ne, an yi shi don kwantar da hankalin dangi.

Wajen 397 Sulpice Sévère ya rubuta cewa waliyyi Martin ya ta da wani mai koyon addini da ya mutu ba baftisma a Ligugé, sannan aka yi masa. Masu musu sukan ce: in niyya ta isa, me ya sa aka ta da shi?

Na uku, an ce Paparoma Grégoire ya ceci ran sarki Trajan da hawayensa. Trajan ya rasu a 117, Grégoire a 604, kuma sai a farkon ƙarni na 8 wani ɗan zuhudu a Whitby ta Ingila ya rubuta labarin. Trajan kuwa bai taɓa neman baftisma ba.

3. Kammalawa

Mun ga ke nan labaran suna jan kowane ɓangare. Darasin Hippolyte Delehaye (1905) yana nan daram: labarin waliyyi ya fi nuna mana imanin masu ba da shi bisa ga abin da ya auku. Makomar mamaci kuwa ba abin da mai riwaya zai gani ba ne.

Ita kanta Ikilisiya da nassi take dogara: hukuncin majalisar Trente (1547), da wasiƙar Roma ta 1949 kan ra'ayin Fada Leonard Feeney na Boston, da Katekisma ta 1992 (1258–1260). A nassin Trente gardamar tana kan kalmar Latin guda, votum, mai ɗauke da ma'anar buri da ta alwashi. A ganinmu, nan ne aikin mai nazarin harshe yake farawa.