Daga Saiwar Gyaɗa Zuwa Kantin Kwari

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ya ga dilolin atamfa da shadda jibge har rufi, da wuya ya tuna cewa gyaɗa ce ta raya wannan yanki na Fagge. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka so a noma wa masaƙun Ingila, amma manoma suka zaɓi gyaɗa. Fataken Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, suka shiga sayenta, kuɗin kaka kuma ya riƙa komowa kantunansu wajen sayen tufafi.

Manomi ya san gyaɗa ba ta gajiyar da gona, ko da bai san dalili ba. In ka tumɓuke ta za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje a jikin saiwar. Gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu suna rizobiyam, waɗanda masani Beijerinck na ƙasar Holan ya ware a 1888. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitrojin ne, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya, sai dai tsiro ba ya iya cinsa kai tsaye. Ƙwayoyin nan ke sarrafa masa shi, shi kuwa ya biya su da sukari. Fasa ƙullin ka duba: in cikinsa ja-ja ne, ana aiki. Haka abin yake ga wake, da waken suya, da gawo, har da baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata.

Sai dai ba kyauta ba ce zalla. Ƙwayoyin na bukatar takin supa, yawan yuriya yana kashe musu zuciya, kuma in aka kwashe harawa ba a mayar da takin dabbobi ba, gona kaɗan take samu.

Barazil tana noma waken suyarta kusan ba takin naitrojin, domin ana cuɗa iri da ƙwayoyin kafin shuka. Cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa irin wannan gari mai suna NoduMax. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, don haka yana son ma'aji mai sanyi da dillali mai amana. Attajiran da ke kai yadi har Nijar da Chadi ba za su kasa kai ƙunshinsa Bichi kafin damina ba.