In fim ya ƙi buɗewa a talbijin, kada a yi saurin neman mai gyara

A zamanin kaset, in hoto ya fara rawa, ko yaro ya san maganin abin: a buɗe bidiyo a goge kan sa da tsumma mai tsabta, kallo ya ci gaba. Da faifan si-di ya zo, sai a hura masa iska a goga shi a jikin riga. To amma yanzu da kallo ya bar rumfunan Ƙofar Wambai ya koma intanet, matsalar ta sake kama. Mutum ya tara iyali a falo, ya danna YouTube ko Netflix a talbijin ɗin sa na zamani, sai wata 'yar da'ira ta tsaya ta na ta juyawa, ko kuma allon ya yi baƙi ƙirin.

Abin ba na wasa ba ne, domin manyan finafinan da ake yayi a can su ke. Tun 2020 da 'Izzar So' na Lawan Ahmad da 'Labarina' na darakta Aminu Saira su ka ja hankalin jama'a, masu kallo su ka saba da bibiyar shiri mai dogon zango a YouTube. A 2021 kuma aka saki 'Amina', wanda Ali Nuhu ya fito a ciki, a Netflix. Wanda akwatin sa ya ƙi buɗewa, sai dai ya ji labari a majalisa. Wasu su kwashi akwati su kai shagon gyara su biya kuɗi, wasu ma su karyar da shi a kasuwa, alhali sau da yawa lafiyar sa lau.

Irin wannan talbijin, a gaskiya, kwamfuta ce mai babban allo. Na Samsung su na aiki da tsarin Tizen, na LG da webOS, Hisense da yawa da VIDAA, su Sony da TCL kuma galibi da Android ko Google TV. Kamar waya, shi ma ƙwaƙwalwar sa na cushewa. Inda ake yin kuskure shi ne, danna jan maɓallin rimot ba ya kashe shi, barci kawai ya ke sa shi, ya farka da matsalar da ya kwanta da ita. Don haka matakin farko shi ne a zare wayar sa daga soket, a bar shi kamar minti ɗaya, sannan a mayar. A yi wa rauta ko mifi haka ita ma. Wannan kaɗai ya na warware rigima mai yawa.

In bai buɗe ba, sai a duba sabis. A gwada wata manhajar: in YouTube ya buɗe amma Netflix ya ƙi, laifin na manhajar ne, in duk sun ƙi, to intanet ɗin ne. Netflix ma kan faɗi abin da ke damun sa da lamba. NW-2-5 na nufin akwatin ya kasa isa ga intanet, UI-800-3 kuma na nufin bayanan da ya adana ne ke buƙatar sabuntawa. Kamfanin na son gudun megabit 3 a daƙiƙa don hoto mai kyau, 5 don wanda ya fi shi, 15 kuma don 4K, kuma ana iya auna gudun kyauta a shafin fast.com ta waya.

Masu haɗawa da hotsifot na waya su lura da abu biyu. Na ɗaya, talbijin mayen data ne: a Netflix, awa ɗaya na iya cin gigabait 1 a hoto na talaka, 3 a mai kyau, har 7 a 4K. Sau tari data ce ta ƙare ba a sani ba. Na biyu, akwatuna da yawa masu araha layin 2.4GHz kaɗai su ke gani, in wayar na kan 5GHz sai a sauya ta a saiti. Wani lokacin kuma laifin ba na kowa ba ne a gidan. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da WACS da MainOne, su ka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarɓare a ƙasashe da dama har da Nijeriya. A irin wannan rana sai haƙuri.

Akwai wani ɓoyayyen dalili da ɗaukewar wuta ke jawowa, wato agogo. Wasu akwatunan in wuta ta ɗauke sai kwanan watan su ya koma wata shekara can baya. Su kuma manhajojin nan, kafin su buɗe sai sun tantance takardar tsaro mai ɗauke da wa'adi. In kwanan watan akwatin bai yi daidai ba, sai su ƙi yarda. Maganin mai sauƙi ne: a shiga saiti a gyara rana da lokaci, a zaɓi GMT+1, wanda shi ne lokacin Nijeriya da Nijar.

Daga nan sai ita manhajar kan ta. A akwatin Android, a shiga saiti, a zaɓi manhajar, a danna inda aka rubuta "Clear cache" don share tarkacen da ta tara. In ta ci gaba da gardama, a goge ta a sake saukewa, ko a fita daga asusun a sake shiga. A kuma bar akwatin ya sabunta tsarin sa, amma fa a tabbatar akwai tsayayyar wuta, don in aka ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, nan ne ake samun ainihin lalacewa. Masu Netflix su duba tsarin da su ka biya: na waya, wanda ya fi araha, waya da tablet kaɗai ya ke yi wa aiki, ba ya kunna fim a talbijin. Haka nan tun 2023 kamfanin ya fara matsa wa masu aron asusun wani gida.

Sai batun tsufa da jabu. A Disamba 2019 Netflix ya daina aiki a wasu akwatunan Samsung ƙirar 2010 da 2011, kuma babu mai gyaran da zai iya dawo da shi. Akwai kuma akwatunan da aka rubuta wa "Smart" a kwali, amma Android ɗin cikin su ba shi da amincewar Google, shi ya sa Netflix ba ya fitowa a ma'ajiyar manhajojin su, ko ya fito ya riƙa sanƙarewa. Duk da haka ba sai an sayi sabo ba. Ƙaramar na'ura irin Fire TV Stick ko akwatin Xiaomi, wadda ake cusawa a ramin HDMI, za ta ɗauke aikin, allon ya ci gaba da hidimar sa.

Mayar da akwati yadda ya fito daga kamfani shi ne mataki na ƙarshe, domin ya na share komai, har da lambobin sirri. Mai gyara kuwa, lokacin sa ya yi ne in akwatin ya daina ganin kowane irin layin intanet alhali wayoyin gidan na gani, ko ya riƙa mutuwa da kan sa. Shi kuma mai shirin sayen sabo, ya tafi shago da data a wayar sa, ya sa a haɗa, ya ga fim na tafiya da idon sa kafin ya zaro kuɗi.