Alifiyus da Agustin: Abokai Biyu a Gaban Jaraba

Alifiyus ɗan garin Tagast ne, inda a yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. A ƙarshen ƙarni na huɗu ya tafi birnin Roma karatun shari'a. Abin da ya fi ƙyama a birnin shi ne filin wasa, inda ake haɗa mutane su yi faɗa da takubba har jini ya zuba, jama'a na shewa. Wata rana abokan karatunsa suka tare shi a hanya, suka ja shi zuwa can yana tirjewa. Ya ce musu ko sun kai gangar jikinsa, ba za su kai idonsa da zuciyarsa ba. Ya zauna, ya runtse ido.

Kunnensa kuwa a buɗe yake. Da wani mayaƙi ya faɗi, fili ya ɗauka da ihu, sai ya buɗe ido don ya ga abin, yana ganin zai iya kallo ba tare da ya kamu ba. Daga ranar ya zama ɗan kallo na gaba-gaba, har shi ke jan wasu.

Malaminsa kuma amininsa Agustin, wanda aka haifa a Tagast ɗin a shekarar 354, shi ya rubuta wannan labari. Hukuncin da ya yanke a kai shi ne ginshiƙin koyarwarsa: saurayin yana da ƙarfin hali, amma ya jingina da kansa a wurin da ya kamata ya jingina da Allah. Alifiyus ba lalataccen mutum ba ne. Shi ne daga baya, yana aikin shari'a, wani babban sanata ya yi masa tayin cin hanci ya ƙi, aka yi masa barazana bai girgiza ba. Wanda kuɗi da tsoro suka kasa kayarwa, ihun 'yan kallo ya kayar. Kowa da ƙofar da jaraba take shigo masa, kuma sau da yawa ba ita yake gadi ba.

Ta Agustin ita ce sha'awa. Uwarsa Monika ta yi shekaru tana masa addu'a da hawaye, shi kuwa ya faɗa da bakinsa cewa yakan roƙi Allah tsarkin rai, amma yana fatan kada amsar ta zo da wuri. Ya bayyana yadda sarƙar take ƙulluwa: son zuciya ya haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama ɗabi'a, ɗabi'ar da ba a tsawata mata ba ta zama tilas. A shekarar 386, a wani lambu a Milan, yana kuka saboda gazawarsa, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13. Nan ya miƙa wuya. Alifiyus na gefensa, shi ma ya karanta ayar da ke biye, ya ɗauke ta tasa. Bishop Ambros ya yi musu baftisma tare a daren Ista na 387.

Abin da ya sa labarin Agustin yake da amfani ga mai rauni shi ne bai ce yaƙin ya ƙare ba. Yana bishop na Hifo, wato Annaba ta yanzu, ya ci gaba da faɗin cewa yana fama da kwaɗayin abinci da son yabo. Saboda haka addu'arsa ta koma roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da Ya umarta. Wannan magana ta ɓata wa Felajiyus rai, wani malami daga Birtaniya mai koyar da cewa mutum yana da isasshen iko a cikinsa na guje wa zunubi. Damuwarsa ta gaskiya ce, domin yana tsoron kada mutane su fake da rauni su yi sakaci. Amma wanda ya taɓa rantsuwa ya sake faɗuwa ya san Agustin ya fi fahimtar zuciyar ɗan Adam. Dogara ga alherin Allah, a wurinsa, bai soke nisantar wurin jaraba ba, bai kuma soke addu'a da zaman tare da masu bi ba.

Majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta yi watsi da koyarwar Felajiyus a shekarar 418. A lokacin Alifiyus ya daɗe yana bishop na garinsu Tagast, kuma yana cikin manyan waɗanda suka tsaya tare da Agustin a wannan muhawara.