Ba a fafe gora ranar tafiya: tanadin kalmomi domin jarrabawar Ingilishi

Kowace shekara, da zarar sakamakon BAC ya fito, ko kuwa an kammala karatun jami'a, akwai matasan ƙasar Nijar, daga Yamai zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Maraɗi, waɗanda suke cika takardun neman gurbin ƙaro ilimi a Amurka, Ingila, Kanada ko Ostareliya. Daga cikin takardun da ake tambayar su akwai wadda ba a samu a ofishin magajin gari ko a hannun shugaban makaranta, watau shaidar cewa ɗalibi ya iya Ingilishi gwargwadon yadda zai saurari malami, ya karanta littafi, ya kuma rubuta amsa. Jarrabawa ce ke ba da wannan shaida. Kuɗin shigarta suna da nauyi bisa aljihun uwaye, sakamakonta kuma shekara 2 kawai yake aiki. Wanda ya faɗi, sau da yawa ba kuɗin kaɗai yake hasara ba, har da gurbin da tallafin karatun da ke tattare da shi.

Jarrabawa biyu ne suka fi shahara a wannan fanni. Ta farko ita ce TOEFL, ta ƙasar Amurka, wadda aka soma yi a shekara ta 1964, aka kuma mayar da ita bisa intanet a shekara ta 2005. Ta biyu ita ce IELTS, wadda aka kafa a shekara ta 1989, da haɗin gwiwar hukumomin Ingila da na Ostareliya. Dukansu abu huɗu suke aunawa: saurare, karatu, rubutu da magana. Ba a keɓe ma kalmomi sashe nasu na dabam ba, amma su ne ƙashin bayan kowane sashe. A cikin IELTS, alal misali, ɗalibi yana da minti 60 domin ya amsa tambaya 40 a sashen karatu, kuma ba a shiga da ƙamus. A sashen rubutu da na magana kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu na makin ana ba da shi ne bisa yawan kalmomin da ɗalibi ya yi aiki da su, da kuma dacewarsu da wurin da ya aza su.

Kalmomi nawa ne suka wadatar?

Masana sun daɗe da tsayawa bisa wannan tambaya. A shekara ta 1953 wani malami ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo cikin Ingilishi. Wanda ya san su zai gane kimanin kashi 80 cikin 100 na kalmomin rubutu na yau da kullum. Adadin yana da daɗin ji, amma lissafi yana rage masa armashi: a shafi mai kalma 300, saura kalma 60 ke nan da mai karatu bai sani ba, watau ɗaya cikin kowace biyar. Ba a fahimtar shafi da irin wannan giɓi.

A shekara ta 2000, Averil Coxhead, malama a jami'ar Wellington ta ƙasar New Zealand, ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi wajen miliyan 3 da rabi, ta fitar da dangin kalmomi 570 waɗanda suke dawowa a kowane fanni, daga shari'a har kimiyya. Waɗannan kaɗai suna cika wajen kashi 10 cikin 100 na littattafan jami'a. Abin da ake nufi da dangin kalma shi ne tushe tare da rassansa, kamar yadda a Hausa karanta, karatu, makaranta da makaranci suke ƴan gida ɗaya. Bayan haka, a shekara ta 2006, Paul Nation, na wannan jami'a, ya nuna cewa kafin mutum ya gane kashi 98 cikin 100 na jarida ko littafin labari, sai ya mallaki dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Domin saurare kuwa, 6,000 zuwa 7,000. A nan ne kalmomin da suka rage masa a wancan shafi suke komawa 6 kacal.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne, kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya kama hardacewa daga harafin farko yana ɓarnar ƙarfinsa ne. Tsarin da ya dace shi ne a fara da 2,000 na farko, a bi da 570 na jami'a, sannan a faɗaɗa ta hanyar yawan karatu.

Gadon shekara ta 1066

A nan ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci yana da wata dukiya da sau da yawa bai san da ita ba. A shekara ta 1066 sarki Wiliyam na Normandi ya ƙetara teku ya ci ƙasar Ingila da yaƙi. Daga nan, har wajen shekara 300, Faransanci ne harshen fada, da kotu, da manyan ƙasa. Dubban kalmomi suka shige cikin Ingilishi, wasu kuma suka biyo baya daga Latin da harshen Girka ta hannun malamai. Sama da kashi 80 cikin 100 na jerin Coxhead daga waɗannan harsuna biyu suka samo asali. Saboda haka "method", "structure", "economy", "theory" da "analyse" ba baƙi ba ne ga wanda ya zauna ajin lise a Tawa ko Damagaram. Lafazinsu ne kawai zai sake koyo.

Hausa ita ma ta ɗan ba da nata hannu. Albarkacin zirga-zirga da fatauci tsakanin Maraɗi, Katsina, Damagaram da Kano, kalmomi irin su mota, direba, bokiti, birki da asibiti sun zauna a bakin jama'a, kuma duka daga Ingilishi suka fito. Sai dai sun sake kama ƙwarai, kuma ba su ne jarrabawa ta fi tambaya ba.

Abin mamaki shi ne, wahalar wannan ɗalibi tana wurin da ba a zato. Doguwar kalmar littafi tana zo masa da sauƙi, gajeruwar kalmar kasuwa ce ke kayar da shi. Ya san "give", ya san "up", amma "give up", watau a sallama, ta gagare shi. Haka "put off", a ɗage, da "carry out", a zartar. Bahaushe ba zai rasa gane wannan matsala ba. Baƙon da aka gaya ma cewa "ci" shi ne sa abinci a baki, ina zai dosa in ya ji an ce wane ya ci kasuwa, ya ci bashi, ko ya ci amana? Domin haka ba a koyon kalma ita kaɗai. Ana ɗaukar ta ne tare da abokan tafiyarta, cikin jimla.

Kama da wane ba ta wane

Gadon Faransanci yana da nasa tarko. Akwai kalmomin da suka yi kama a ido, amma ma'anarsu ta raba hanya. "Library" ɗakin karatu ne da aron littattafai, alhali "librairie" kantin sayar da su ne. "Actually" na nufin a gaskiya, "actuellement" kuwa a halin yanzu. "Attend" halarta ce, "attendre" jira ne. Mafi dacewa da wannan batu ita ce ta jarrabawar kanta: da Faransanci, wanda ya ce zai "passer" jarrabawa, zaunawa kawai zai yi ya rubuta, da Ingilishi, wanda ya "pass" ya riga ya ci. Irin waɗannan ba su kai yawan na kirki ba, amma haɗarinsu ya fi na kalmar da ba a sani ba sam, domin ɗalibi yana amsawa da ƙarfin zuciya alhali ya kauce. Ya kamata a buɗe masu shafi nasu na dabam.

Awo kafin aiki

Manomi ba ya ƙirga hatsin rumbu ƙwaya-ƙwaya. Tiya yake ɗauka ya auna. Haka gwajin kalmomi yake. A shekara ta 1983 Nation ya tsara gwaji mai hawa-hawa, daga matakin 2,000 zuwa 3,000, 5,000 da 10,000, inda ake ba ɗalibi kalma shida da ma'ana uku ya haɗa su. A shekara ta 2007, shi da David Beglar suka fitar da wani mai tambaya 140, goma daga kowane dubu; a ninka makin da 100, a samu kimanin yawan dangin kalmomin da mutum ya sani. Amfanin wannan awo shi ne ya nuna matakin da giɓi yake, domin a san inda za a soma.

Sai dai a lura da abu biyu. Mai Faransanci yana iya cankar amsa saboda kama, makinsa ya ɗara saninsa. Kuma gane kalma a takarda dabam, fito da ita daga ka lokacin rubutu ko magana dabam. Gwajin gaskiya shi ne a rufe littafi a gina jimla da ita.

Maganin mantuwa

Tun a shekara ta 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne cikin sa'o'in farko da yinin farko, kuma maimaitawa bayan tazara tana rage ta. Bisa wannan tushe ne wani ɗan jarida na Jamus, Sebastian Leitner, ya bayyana dabarar akwati a shekara ta 1972. Ana yanka ƴan takardu, a rubuta kalma a gaba, ma'ana da jimla a baya, a raba akwati gida biyar. Takardar da aka amsa daidai ta matsa gida na gaba, inda ake jinkirta duba ta. Wadda aka kasa ta koma gidan farko, a riƙa ganin ta kullum. Yau akwai manhajojin wayar hannu masu wannan aiki, amma kwalin sukari da almakashi sun wadatar.

A shekara ta 2008, a Amurka, Karpicke da Roediger suka koya ma ɗalibai kalmomin Swahili 40. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta yi ma tambaya sun tuna wajen kashi 80 cikin 100, waɗanda aka daina tambaya kuwa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da ƴan kai ba, ko da an ci gaba da nuna masu kalmomin. Ashe tambayar kai, ban da awo, ita kanta koyo ce. Makarantun allo sun riga sun san haka, domin almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo karatun da ka, kuma yana komawa tilawar na baya.

Lissafin ƙarshe mai sauƙi ne. Kalma 10 a yini, cikin kwana 300, sun zama 3,000, muddin ana bitar su, ana kuma gamuwa da su cikin karatu da sauraren rediyo. Kalma 3,000 cikin mako biyun ƙarshe kuwa ba mai iya riƙe su. Ɗan makarantar Nijar yana soma Ingilishi tun shekararsa ta farko a kwaleji, watau yana da shekara 7 kafin BAC. Ya rage ga malamai su nuna masa dukiyar da Faransanci ya riga ya ba shi da tarkon da ke cikinta, ga uwaye su tambaye shi abin da ke cikin akwatinsa, shi kuma ya soma yankan takardunsa tun ranar jarrabawa tana nesa.